Gurasar Bakance a Gaban Majalisa

Daga Ain Tarfa, gindin dutse

Gwaggo Shadliya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da mai gidan, da fama da aikin Majalisa. Mu nan jiki lafiya, alhamdu lillahi. Zuciya ce dai sai a hankali.

Na san ba ki gane ni ba. Ni ce Rabha, 'yar Bilƙasim mai awaki, wanda babansa da babanki ciki ɗaya suka fito. Kin taɓa ganina a wani biki ina ƙarama, na kifar miki da miya a farar riga, kika ce hannuna na rawa kamar na ɓarawon kaza. To ni ce. Na girma, na yi aure, ina da ɗa, Ayyub, yana nono.

Ban yi makaranta ba. Si Ammar mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya shi ke rubutawa, kuma na ce masa yadda na faɗa haka zai sa, kar ya yi mini ado. Waya ba zan buga ba, an ce kunnuwa sun yi yawa a cikinta.

Gwaggo, sun tafi da mijina Faraj. Kuma a kan gurasata ne.

Ayyub bakwaini ne. Da ya faɗo ko kuka bai yi ba, ungozoma ta juya baya tana salati. Nan na yi bakance: in Allah ya bar mini shi, duk Juma'a har shekara ta zagayo zan kai gurasa mai zafi da ɗan man zaitun ƙubbar waliyyi Sidi Ghilan. Kin san yadda ake yi. A ajiye a alkukin bango, a juya, ba waiwaye, ba tambayar wa ya ci. Makiyayi ne, matafiyi ne, mahaukaci ne, dila ne, rabonsa ne. Ni ke toyawa, Faraj ke kaiwa, don hanyar hawa ce ga ni da goyo.

Mun san sojoji sun rufe dutsen tun da mutanen nan masu bindiga suka shiga cikinsa. Mu ne ma za a gaya wa? Mu suke sauko wa su kwashe gari da awaki. Amma iyakar da aka nuna mana tana can sama da ƙubba, a busasshen rafi, an shafa wa duwatsu jan fenti. Ranar Juma'ar nan sojoji suka tarar da Faraj yana ajiye gurasa, suka ce ai iyaka ta sauko, ƙubbar ma tana ciki yanzu. Yaushe ta sauko? Wa ta yi wa sallama? Suka ce ciyar da 'yan ta'adda yake yi.

Wani maƙwabcinmu yana kusa da tumakinsa, ya ji Faraj na ce musu a kasuwa ya sayo gurasar. Ƙarya ya yi don kar a zo kaina. Duk Ain Tarfa an san gurasata.

Na je ofishin tsaro a birnin Gasrin da Ayyub a baya. Suka ce an wuce da shi Tunis. Na ce zan gan shi? A'a. Lauya fa? Suka ce doka ta ba su dama su riƙe shi tukuna ba mai ganinsa. Na ce wace doka? Wani mai gashin baki ya yi dariya ya ce, "Je ki tambayi 'yan Majalisa, baiwar Allah, su suka ɗaga hannu."

To, Gwaggo, 'yar Majalisa ɗaya na sani a duniya. Ga ni ina tambaya.

'Yarki,
Rabha

*

Gwaggo Shadliya,

Gaisuwa. Muna lafiya, Ayyub yana haƙori, zawo kaɗan, ya tsaya.

Shiru. Kullum sai na zo gidan waya, har mai tsaron ƙofa ya fara ce mini "Madam Majalisa". Si Ammar ya ce manya aiki ke musu yawa. Na ce aikin ai mu ne.

Jiya na gan ki a talabijin ɗin mai shago. Kin yi ƙiba, tubarkalla. Kina nuna wani da biro kina faɗa, ban ji me kike cewa ba don maza na ta gardamar ƙwallo. Na ce wa matan da ke wurin, waccan mai koren ɗankwali gwaggona ce. Ɗaya ta ce, "Gwaggonki? To me mijinki ke yi a ɗaure?" Na gyara goyona na fito.

In kunyar dangin ƙauye kike ji, ki faɗa, ba zan sake damunki ba. Amma ki sani lokacin zaɓe babana a kan jaki ya sauko da ciwon ƙafarsa ya dangwala miki.

Rabha

*

Daga Tunis

Rabha 'yata,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, sai gwiwa da ke mini tsiya. Ƙibar da kika gani kuwa talabijin ce, ba ni ba.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso hannuna, suna ƙarƙashin tulin takardu a ɗakin karɓar saƙo. Na tuna ki sarai. Rigar nan har yau ba ta fita ba. Bakinki kuwa na kakarmu ne, ba ki bar komai ba.

Fara da wannan: Faraj yana raye. Na sa wata lauya, Ustaza Munjiya, ta bi sawunsa, ta gano inda yake. Ba a bar ta ta shiga ba tukuna, amma sun san yanzu akwai mai ƙirga shi.

Mai gashin bakin nan bai yi ƙarya ba. Na ɗaga hannu. A makon da muka yi dokar, gawarwakin yaranmu sojoji ake saukewa, uwayensu na faɗuwa a ƙasa. Ko yau aka dawo da ranar zan ɗaga. Amma wuƙa muka ba gwamnati da sharaɗin za mu riƙa leƙa abin da take yankawa. Yanzu dokar ta-ɓaci in ta ƙare, sa hannu ɗaya ake yi a ƙara ta, mu ji a rediyo kamar ke. Iyakar dutsenku mun nemi a nuna mana taswirarta, aka ce sirri ne. Faɗan da kika gan ni ina yi ke nan.

Kwamitinmu na tsaro zai zauna ranar Talata ta sama, minista zai zo amsa tambayoyi. Na nemi a saurari mutanen gindin dutse, an yarda. Na ba da sunanki. Ki zo ki tsaya gabansu ki faɗi wa ya toya gurasar da abin da ya sa, kamar yadda kika faɗa mini. Ki hau motar haya ta safe, zan sa a tarye ki a tasha.

Gwaggonki,
Shadliya

*

Gwaggo,

Gaisuwa. Lafiya lau, sai Ayyub da bai bar kowa ya runtsa ba, zan gaya miki dalili.

Si Ammar ya karanta mini sau biyu. Na koma gida na gaya wa uwar mijina, Iya Ghazala. Ta ajiye rariya ta ce, "An ba da sunanki? Gaban minista? Yarinya, wanda aka kira gaban teburin gwamnati ya ce ni na yi, da ƙafarsa yake shiga, ba da ita yake fita ba."

Na zauna na yi tunani, na gane. Musaya kika shirya. Ni in shiga, shi ya fito. Ba ki so ki faɗa a fili ne don kar in tsorata. To na tsorata ɗin, amma ban ga laifinki ba. Gaskiya ce ai. Ni na yi bakance, ni na kwaɓa, ni na toya. Shi ɗan aike ne kawai. Kuma gida ya fi buƙatar hannunsa, ga yankan ciyawar halfa da muke sayarwa ya zo, ba mai yi.

Si Ammar yana ta girgiza kai yana cewa ba haka takardar ta ce ba. Na ce masa shi rubutu ya sani, ni mutane na sani. Rubuta, Si Ammar.

Na fara yaye Ayyub. Na shafa maɗaci a nono, ya kama ya saki, ya dube ni kamar na mare shi. Iya na ba shi kunun bsisa, na garin gasasshen hatsi, da cokali, yana turewa. Ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, rigata duk ta jiƙe. Gara ya saba tun ina nan.

Abu biyu nake roƙo. Ki ce musu su sake shi a ranar da suka riƙe ni, kar yaron ya kwana ba uwa ba uba. Sannan ki tambaya mini ko ana barin mutum ya shiga da bargonsa, don ni sanyi ke kama ni.

Zan zo ranar Talata in sha Allahu.

Rabha

*

Ta hannun direban motar Gasrin, a kai yau

Rabha!

Ba gaisuwa. Je ki wanke maɗacin nan ki ba yaron nan nono kafin ki gama jin wannan takarda. Si Ammar, don Allah dakata da karatu har ta dawo.

Musaya? Kasuwar awaki kika mai da ni? Kwamiti ba kotu ba ne, 'yar nan. Ba mu ɗaure kowa, ba mu sakin kowa. Wanda aka kira ya amsa tambaya shi ne minista, ba ke ba. Ke baƙuwa ce, har ruwan kwalba za a ajiye miki. Ki gaishe mini da Iya Ghazala, ki ce na ce zamanin da ta sani an ɗan taɓa shi.

An ɗan taɓa shi na ce, ban ce ya wuce ba, don haka ba zan yi miki ƙarya ba. A cikin ɗakin nan ba mai taɓa ki, wannan na rantse. Bayan kin koma gida, zai yiwu a kira ki ofis a yi miki tambayoyi. Ustaza Munjiya ta ce maganarki za ta taimaki Faraj gaban alƙali fiye da ƙaryar kasuwa da ya yi, don ita ce ke ƙara sa su zarge shi. Amma ke ce mai goyo. In kin ce ba za ki zo ba, ba zan ga baƙinki ba, zan ci gaba da bin maganarsa.

In za ki zo, ki zo da Ayyub. Bargo muna da shi.

Shadliya

*

Gwaggo Shadliya,

Gaisuwa da ban gajiya. Mun iso lafiya. Ayyub ya koma nono kamar ba a yi komai ba, ɗan banza, har cizo ya ƙaro.

Ba mu samu mun yi magana ba, kina fitowa aka ja ki wani zaman, ni kuma mota na jira. Na ga fuskarki lokacin da na ba dattijon nan amsa, kin rufe ido. Shi ya sa nake so ki ji daga bakina.

Na shiga ɗakin. Teburin nan kamar ba zai ƙare ba, kowa da ƙarfen magana a gabansa. Ina buɗe baki Ayyub ya tsala ihu. Shugaban zaman ya ce, "A bar mai girma ya gama jawabinsa tukuna." Aka yi dariya, na sa shi cikin mayafi, sai na ji numfashina ya dawo. Na faɗi komai, tun daga ungozoma har jan fenti.

Sai wannan mai furfurar na kwamitinku, Si Mukhtar, ya jawo ƙarfensa. Kin gaya mini tun a ƙofa cewa ƙaninsa soja ne, nakiya ta tashi da shi a dutsenmu. Ya ce, "'Yata, gurasar nan, in an koma Juma'a ta gaba, ana samunta?"

Na ce, "Ba a samu, Baba."

"Wa ke ci?"

"Ban sani ba. Ba a waiwaye."

Ya ce, "Zai yiwu waɗanda suka kashe ƙanina ne suka ci?"

Gwaggo, na san abin da kike so in ce. Amma mutumin nan idonsa ya kawo ruwa, kuma tambayar ni ma ta daɗe tana cin raina. Ta ina zan rantse a kan abin da ban gani ba? Na ce, "Zai yiwu, Baba. Allah ya jiƙansa. Da wani ya zo ya ce mini ƙubba ta shiga cikin iyaka, da bakin masallaci na kai, liman ya nema mini mafita. Ba wanda ya zo."

A raina na ce shi ke nan, na kashe Faraj da bakina.

Ban gane duk abin da ya biyo baya ba, Larabcinku na Majalisa ya fi ƙarfina. Na dai ga Si Mukhtar ya juya wajen minista ya ce yaushe aka sauko da iyakar, wa ya sa hannu, wa aka sanar. Na kusa da minista ya raɗa masa wani abu, ministan ya ce sirrin tsaro ne. Dattijon ya buga tebur ya ce layin da ake ɗaure mutum in ya taka, ta yaya zai zama sirri ga mai takawa? Ya ce ƙaninsa bai mutu don a riƙa kama masu gurasa a bar masu nakiya ba. Wani kuma daga can gefe ya ce in aka nuna wa ƙauye taswira, an nuna wa na cikin dutse. Suka kaure. Ke ma kin shiga, na ga biron ya tashi.

A waje Si Mukhtar ya wuce ni. Ya yi gaba kaɗan, ya dawo, ya dafa kan Ayyub, ya tafi.

Abin da kika ce zai yiwu ya yiwu. Kwana biyu da dawowata aka aiko in je ofis a Gasrin. Iya Ghazala ta ɗora hannu a ka. Na tafi da Ayyub da zanen goyo biyu, ko da za a kwana. Mai gashin bakin nan ne. Ya ce, "A'a, 'yar talabijin! Ashe da gaske kin je kin tambaye su." Na ce, "Kai ka aike ni, ranka ya daɗe." Tun hantsi suke juya tambaya ɗaya kamar waina, wa ke ci, wa ke ci. Na ce abin da na faɗa gaban minista shi ne, an rubuta, ku aika a kawo muku. Da la'asar suka ce in tafi.

Yanzu ki gaya mini gaskiya. Na gyara ko na ɓata?

Rabha

*

Rabha 'yata,

Gaisuwa gare ku duka. Gwiwa da sauƙi.

Na rufe ido, gaskiya ne. Na ce yarinyar nan ta kifar da miya a karo na biyu. Amma da kin rantse ba su ci ba, da ba wanda ya yarda da sauran maganarki, Si Mukhtar ne farko.

Ga labari, mai daɗi da marar daɗi. Ustaza Munjiya ta ga Faraj. Ta kai wa alƙali rubutaccen abin da aka faɗa a zamanmu, har da inda minista ya kasa cewa an sanar da ku. Alƙali ya ce a sake shi kafin a gama bincike. Ki sa ido a tasha ranar Alhamis. Ma'aikatar ministan kuma ta yarda a riƙa sanar da ƙauyuka duk lokacin da iyaka ta motsa. Za mu gani.

Marar daɗin: buƙatarmu ta cewa kar a ƙara wa'adin dokar ta-ɓaci sai an kawo gabanmu mun yi ƙuri'a, ta faɗi. Da kaɗan ta faɗi. Wasu da suka yi mini alkawari, da lokacin ya zo sai fitsari ya kama su. Za mu sake kawo ta bayan hutu, kuma kwamiti zai sake zama kafin nan. Ban gaji ba.

Gwaggonki

*

Gwaggo Shadliya,

Gaisuwa daga ni, da Iya, da Ayyub, da Faraj. Rubuta sunan da kyau, Si Ammar. Da Faraj.

Ya sauko daga mota na kusa ban gane shi ba. An aske masa kai, wando na zamewa. Ayyub ya gan shi ya ɓuya a wuyana yana kuka, sai da ya yi masa fito irin na kiran awaki sannan ya leƙo. Iya ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Mun yi kuskus da naman ɗan akuya, maƙwabta sun cika gida.

Ba ya son maganar can. Na tambaya sau ɗaya, ya ce, "Bari, Rabha." Na bari. Abin da ya ce kawai, "Wa ya ce ki je ki tona kanki? Ni da na rufa miki." Na ce, "Rufin naka ai shi ya kusa binne ka. Wa ke hawa dutse da gurasar kasuwa tana tururi?" Ya yi dariya, ita ce ta farko.

Liman ya ce in cika sauran Juma'o'in a bakin masallaci, Allah ya san niyya. Haka nake yi.

Amma ba a gama ba. Sun ce kullum da safe sai ya je ofis ya sa hannu, har sai yadda hali ya yi. Takarda ba su ba shi ba, ranar ƙarewa ba su faɗa ba. Ga tsinkar zaitun ta zo, mazan ƙauye duk za su tafi birnin Safakis aiki, shi ba halin ya kwana ko'ina. Na tambayi Ustaza Munjiya, ta ce wannan ma a ƙarƙashin dokar nan ne da kuka kasa kamo linzaminta.

Sannan tun ranar Alhamis ƙofata ba ta huta ba. Maƙwabciyarmu Warida, an tafi da ɗanta don ya sayi batir da yawa a shago, alhali na fitilun gidan biki ne. Matar Tijani, nata mijin an hana shi fita ƙauye, ga ciwon ƙoda, asibitin kuwa a birni yake. Suna zuwa suna cewa in yi musu hanya wurin gwaggona. Na ce musu gwaggona ba ta sakin kowa, kwamiti ba kotu ba ne. Na ce wuri ne da ake zaunar da minista ya saurara, ko yana so ko ba ya so, kuma ana ba mutum ruwan kwalba. Na gaya musu za a iya kiransu ofis bayan sun dawo. Biyu sun janye. Sauran sun ce sun ji.

Tsoro bai bar ni ba, Gwaggo, in mota ta tsaya a ƙofar gida har yanzu sai na leƙa na ga su wa ne. Amma kin ce da kaɗan kuka faɗi. Ki aiko mini da ranar zaman ta hannun direba, kar ta kwana ƙarƙashin takardunku. Ki kuma ce a ƙaro kujeru, don mun cika mota guda.

Faraj ba zai rako mu ba, sa hannu ya ɗaure masa ƙafa. Shi zai zauna da awaki. Mu za mu zo.

'Yarki,
Rabha